Me ya sa jinjiran ɓerayen gwajinmu suke mutuwa a haihuwa ta biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ce mai kula da ɗakin dabbobin gwaji na sashenmu. Fararen ɓerayenmu Swiss albino suna yin haihuwar fari lafiya lau, amma a ta biyu sai in wayi gari in tarar da jinjirai a mace, wasu har an ci rabinsu. Namiji ɗaya da mata biyu nake haɗawa a keji, kuma ina barin 'ya'yan sati biyar wajen uwa don su yi ƙwari. An ce mini nama uwar take nema, in ba ta busasshen kifi. Ga ɗalibai suna jiran dabbobi, hankalina duk ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki ajiye maganar kifi. Abin da yake kashe miki jinjirai shi ne wannan sati biyar ɗin.

Wannan zance na "a bar su su ƙara shan nono su yi ƙwari" ya yi ɓarna a ɗakunan dabbobi fiye da yadda ake zato, kuma masu yaɗa shi ba su taɓa zama sun yi lissafin kwanaki ba. Macen ɓera tana karɓar namiji cikin awa 24 bayan ta haihu. Cikinta kwana 19 zuwa 21 ne, shayarwa kan iya jinkirta shi da 'yan kwanaki. Tunda namijin yana cikin kejin, ranar da 'ya'yan fari suka cika sati uku, ƙannensu suna hanya ko sun riga sun iso. To ki dubi kejinki: manya uku, ga matasa wajen ashirin masu giram 10 zuwa 15 suna tsalle dare duka, ga jinjirai jajaye marasa gashi, giram ɗaya da ɗan doriya kowanne. Matasan za su tattake su, su warwatsa sheƙar, su kama nonon su hana su sha. Ki ɗaga jinjirin da ya mutu ki duba cikinsa ta gefen hagu. Wanda ya sha nono ana ganin farin tabo ta cikin fata. Naki da wuya ki gani. Sau da yawa uwar gawa take ci, ba ita ta kashe ba, sai a ɗora mata laifi a ce kwaɗayin nama ne.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. 'Yar da ta kai sati biyar tana iya ɗaukar ciki, daga ubanta ko ɗan'uwanta. Sai ki miƙa wa ɗalibi mace mai ciki ba ki sani ba, ya ɗura mata magani, ya auna nauyi da jini, ya rubuta sakamakon da ba shi da tushe. Nonon da ake cewa a bar su su sha ma, a lokacin ya ja baya, abinci suke ci tun wajen kwana 16.

Ki yaye su ranar kwana 21. Ki tabbatar kowanne ya kai kusan giram 10 kuma bakinsa yana kaiwa ga bututun kwalbar ruwa. Ki jiƙa ƙwayoyin abinci kaɗan ki zuba a ƙasan keji na kwana uku ko huɗu. Ki raba maza da mata ta tazarar da ke tsakanin dubura da al'aura, ta namiji ta fi tsawo. Mazan da aka yaye tare kaɗai za su zauna tare, wanda aka cire kuwa ba ya komawa, in ba haka ba za ki ga cizo a gindin wutsiya da baya. Idan 'ya'yan ƙanana ne ƙwarai, ana iya kai su kwana 28, amma da sharaɗin an cire namijin tun kafin haihuwa.

Batun fili kuma, ƙa'idar Amurka ta 2011 da yawancin cibiyoyi suke bi ta ba babban ɓera mai fiye da giram 25 kusan murabba'in santimita 97, uwa da 'ya'yanta 330, tsayin keji daga ƙasa zuwa sama santimita 12.7. Kejin da aka saba da shi wajen murabba'in santimita 500 ne, wato manya biyar, ko uwa ɗaya da 'ya'yanta da namiji. Mata biyu masu goyo ba za su shiga ba. Da kin ga cikin ɗaya ya fito, ki ware ta.

Ki ba mai ciki takarda mai laushi ta yi sheƙa, shimfiɗa ta zama ɓawon katako busasshe, ba garinsa mai ƙura ba. Kada ki sauya keji a kwanakin farko bayan haihuwa. Zafin ɗaki tsakanin digiri 20 da 26 ake so, kuma a watan Afrilu idan wuta ta ɗauke, keji mai cunkoso shi ne yake fara zubar da gawa.

Na san za a ce miki babu kuɗin ƙarin keji, takarda tana ofis ana jiran sa hannu. Kada ki jira ta. Ki ƙirga kejin da kike da shi, ki rage barbara daidai da shi, ki cire mazan yau. Kowane keji ki manna masa kati mai ranar haihuwa da ranar yaye, da alƙalami, ranar da aka haihu. Mai bincike da ya matsa miki a kan adadi, ki nuna masa wannan lissafin, in ya ƙi ji ki kai maganar gaban kwamitin kula da dabbobin gwaji na makarantarku.