Jarumi, Ɗan Wasa da Zanen Zabuwa: Amsoshin Wannan Mako

*Allah ya gafarta Malam, shin daidai ne a kira duk mai fitowa a fim "jarumi"? Wata ɗaliba daga Katsina.*

'Yata, wannan kalma ta daɗe tana ci mini rai. Jarumi a asali shi ne mutumin da zuciyarsa ba ta karaya, wanda yake tsayawa a fagen daga lokacin da sauran maza suka juya baya. Daga nan muka samu jarumta. Shigarta harkar fim kuwa ba a ɓoye take ba. Masu kallon finafinan Indiya a gidajen sinima na Kano da Kaduna sun saba raba mutanen fim gida biyu, akwai "akta" akwai "bos", kuma kowane yaro ya san akta ba ya mutuwa. Da aka zo neman kalmar Hausa da za ta maye gurbin aktan nan, wanda labari ya rataya a wuyansa, sai aka ɗauko jarumi. Har nan ban ga laifi ba, domin a cikin labarin shi ne mai kasada.

Abin da na ƙi shi ne yadda ta fantsama. Yau wanda ya fito sau ɗaya yana riƙe da ƙofar mota jarumi ne, mai fitowa a matsayin mugu ma jarumi ne, har a rediyo sai ki ji an ce "jarumai talatin sun halarci biki". Muna da ɗan wasa da 'yar wasa, ko a cika a ce ɗan wasan kwaikwayo, kuma babu ƙasƙanci a ciki ko kaɗan. Marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya shafe shekaru yana riƙe masu kallon talabijin a Kaduna, da sunan ɗan wasa aka san shi, kuma bai rage masa daraja ba. Shi kuwa Usman Baba Pategi, da ya rasu a 2023, soja ne na gaske kafin duniya ta san shi da Samanja Mazan Fama. Ki duba sunan ma: muƙamin sajan-manjo ne harshen Bahaushe ya lanƙwasa ya zama samanja, irin aron da nake so ke nan, wanda baki ya tauna har ya zama namu. Mutumin Banufe ne daga Pategi, amma ya naƙalci Hausar bariki yadda duk wanda ya taɓa zama kusa da soja zai ce wallahi haka suke magana.

Saboda haka ki bar jarumi ga wanda labarin fim yake kansa. Sauran 'yan wasa ne. Wanda ya yi suna ƙwarai ki ce tauraro.

*Malam, kwaikwayo da koyi duk ɗaya ne? Daga Kumasi.*

A'a, ɗana. Kana koyi da mutum don ka zama kamarsa, kana kwaikwayonsa don a ga kamarsa a jikinka.

*Gafarta Malam, "kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta": zanen ɗaurawa ake nufi ko na alƙalami? Daga Zariya.*

A rubutun boko kalmomin biyu kamarsu ɗaya, a baki kuwa daban suke. Zanen ɗaurawa gajeren "za" gare shi, zanen da ake zanawa kuwa ana jan "zaa". Na zabuwa shi ne mai ja, wato ɗigo-ɗigon jikinta da aka halicce ta da su. Ma'anar ita ce abin da aka san mutum da shi ba jiya ya samo shi ba. Ɗan'uwansa shi ne "hali zanen dutse". Na sha jin masu gabatar da shirye-shirye suna gajarta wasalin, su ɗaura wa zabuwa atamfa ba su sani ba, kuma yara suna ji suna ɗauka.

*Malam, me za mu kira hotunan da ake zanawa a jarida, da waɗanda suke motsi a talabijin? Daga Tawa.*

An saba cewa zanen barkwanci, amma sunan bai cika ɗaukar kayan ba. Ka dubi aikin Mustapha Bulama a jaridar Daily Trust: sau da yawa ba dariya yake ba ka ba, zuciyarka yake sosawa a kan talauci da rashin tsaro. Irin wannan zanen shaguɓe ne, gugar zana ce da alƙalami. Zanar da ke cikin wannan magana kuma ta shinge ce, ba ruwanta da zane. Mai motsi kuwa yara sun riga sun ce katun, ni na fi son zane mai motsi. Kuma ku mutanen Tawa kuna da gado a nan, domin a garinku Moustapha Alassane ya zauna shekaru masu yawa, mutumin da tun a 1966 ya zana kwaɗi ya sa su motsi a fim, yana yi wa bukukuwan shugabanni shaguɓe. Ya rasu a 2015.

*Shin Ibro ɗan kama ne? Daga Wudil.*

Ɗan kama sana'arsa ta dandali ce, yana juya waƙa da karatu su koma zancen tuwo da miya. Marigayi Rabilu Musa, wato Ibro, da ya rasu a Disambar 2014, ɗan wasan barkwanci ne, kodayake yadda yake juya waƙoƙin wasu ya nuna ya sha a rijiyar 'yan kama.