Tayar Hilux tana wasa, bakanike ya ɗaure noti kawai: laifin wa?

Tambaya: Assalamu alaikum Oga. Ina da Hilux Vigo 2010, da ita nake shiga gona wajen Ningi, hanyar duk ramuka ce ga rafi biyu da sai an tsallaka. Da damina ta sauka na ji ƙafar gaba ta hagu tana wasa, na kai gareji, bakanike ya ɗaga ta ya girgiza ya ce boris ne ya saki, ya ƙara ɗaure notin tsakiya ya ce shi ke nan. Ba a yi sati biyu ba ta fara gurnani a kan kwalta, na tsaya na taɓa wajen sai da ya ƙone min hannu, kuma iyalina na cikin motar. Na koma ya ce hanya ce ta kashe shi, in sayo sabo in sake biyan kuɗin aiki. Don Allah laifin wa ne? Wallahi hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin komai ka ajiye motar nan, kar ta ƙara hawa titi sai an canza boris ɗin, in garejin da nisa gara ka nemo motar ɗaukar mota. Allah ne ya tsare ka da iyalinka.

Hanya ce ta kashe boris ɗin, wannan gaskiya bakanikenka ya faɗa. Hob, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa, yana da zafi ka faɗa da shi cikin ruwan rafi mai sanyi, sai ya zuƙi ruwa ta bakin sil, wato robar da ke tare giris, giris ya koma kamar kunu, laka ta bi ta ƙarasa aikin. Ba bakaniken ne ya jawo wannan ba. Amma tun ran da ka fara kai masa motar boris ɗin a mace yake, ya gani ko bai gani ba aikinsa ne ya gani, kuma ya sallame ka da kalmar "shi ke nan". Nan laifinsa yake.

Wannan maganar ta "a ƙara ɗaure noti" ita ce ciwon da nake fama da shi kullum a sana'ar nan, na gaji da ita wallahi. Asalinta daga tsofaffin motoci ne. Land Cruiser 70 da 80 da tsohuwar Hilux, boris ɗinsu na gaba biyu ne masu fasalin mazurari, na ciki da na waje, akwai noti biyu da wosha a tsakaninsu mai kunne da ake lanƙwasawa ta kulle su, a 80 soket mai lamba 54 ne ke shiga. Waɗannan kam ana saita su, amma saiti ne da ma'auni, sai an kwance an wanke an duba ƙwayoyin ko sun yi tabo ko sun yi shuɗi saboda zafi, a zuba sabon giris a sa sabon sil da sabuwar wosha. Abin da nake gani a gareji kuwa, yaro ya ɗauko kurfi da guduma ya yi ta dukan notin har kusurwoyinsa su cinye, taya ta daina motsi, a ce an gyara. To wasan bai tafi ko'ina ba, an danne shi ne, ƙwayoyin da suka riga suka ci sai su riƙa gugar juna, zafi ya tashi, giris ya narke ya zube, daga nan boris ya kama ya ci sandar da yake kai, kuma ba a layin gona yake yin haka ba inda kake tafiya a hankali, sai ka hau kwalta kana gudu.

Taka kuma ba ma irin waɗannan ba ce. Vigo, wadda ta shigo tun wajen 2005, boris ɗinta na gaba a rufe yake, da injin matsawa ake cusa shi, babu wani saiti a jikinsa. Notin tsakiyan nan yana da ma'aunin ɗaurinsa da kamfani ya rubuta, da sufana mai ma'auni ake kai shi can a tsaya. In boris irin wannan ya fara wasa magani ɗaya ne, a cire a sa sabo. Ko da a ce notin ne ya saki tun farko, tafiyar da motar ta yi a haka ta riga ta lalata shi. Bakanikenka ya ɗauko dabarar motar ubangidansa ya ɗora wa motar da ba ta san ta ba, kuma irinsa suna da yawa, mutum ya shekara ashirin a ƙarƙashin mota bai taɓa tambayar me ya canza ba. Ƙanwar wannan ɗabi'ar ita ce abin da ake yi wa boljoyin, wato gaɓar da ke riƙe ƙafar mota: a cusa masa roba ko a bubbuga shi da guduma don ya yi tauri. Na taɓa ganin wata Prado a bakin hanya, ƙafar gaba ta naɗe ta shige ƙarƙashinta, da na leƙa boljoyin ɗin ƙasa ga guntun roba nan a ciki.

Binciken ma minti biyar ne. A ɗaga mota a jak, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza, sannan dama da hagu. Dama da hagu yawanci tayarod ne ko rak ɗin sitiyari. Sama da ƙasa ko boris ko boljoyin, sai ka sa yaro ya taka birki, in wasan ya ɗauke boris ne, in yana nan to ka duba boljoyin. Bayan gyara a fita da ita gwaji a dawo a taɓa hob ɗin hagu da na dama a ji ko zafinsu ɗaya. Wanda ya karɓi kuɗin mutum bai yi wannan ba bai sauke nauyin da ke kansa ba. In kuma mai mota ne ya ce ba shi da kuɗin sabo, a ɗaure masa haka nan, ni ba na yi, ina gaya masa a gaban mutane cewa motar ba ta tafiya ba ce, don ba ransa kaɗai ke kan titi ba. Malamanmu na Malikiyya ma sun karantar da mu cewa mai sana'a yana lamunin kayan da aka damƙa masa.

Don haka kuɗin sabon boris naka ne Alhaji, da ma can za ka saya. Kuɗin aiki na biyu bai kamata ya karɓa ba, kuma in zafin ya ci hob ko ya ƙona wayar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, wannan ɓarnar ta sati biyun nan ce, shi ya kamata ya ɗauka. Ka je masa da lalama tukuna, da mutum ɗaya da ya san mota. In ya ƙi ka kai maganar wajen shugaban NATA na yankin, ƙungiyar bakanikai, sun saba sasanta irin wannan, bayan su akwai hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Ka riƙe tsohon boris ɗin a leda kar ka bari a jefar, shi ne shaidarka. In za ka sayi sabo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ka tafi da wanda ya iya bambance na gaske da jabu, ka guji gwanjo a wannan wajen, sannan ka sa a duba ƙafar dama ma tunda rafi ɗaya suka shiga.