Ɗaki mai sanyi ko filin Allah: ina ya fi dacewa a motsa jiki?

Assalamu alaikum. Tun da bazara ta kankama, saƙonnin da ke iso mini kusan duk kan motsa jiki ne, kuma abu ɗaya suke zagayawa: a ɗaki mai na'urar sanyi, wato kilim, ko a waje? Na zaɓi biyar, na taƙaita su.

Wani ɗan kasuwa mai shekara 46, daga Garwa: Likita, na biya kuɗin wata uku a wani ɗakin motsa jiki mai kilim. Abokina ya ce asara na yi, wai tunda ba na haɗa gumi sosai tumbina ba zai ragu ba. Shi yana gudu da la'asar wajen filin wasa na Rumde Ajiya, ya dawo sharkaf. Wa ke da gaskiya?

Alhaji, kuɗinka bai tafi a banza ba. Gumi ruwa ne da ɗan gishiri, babu kitse a cikinsa, kuma aikinsa shi ne sanyaya jiki. Jikin mutum yana son ya zauna a kusan digiri 37. Idan tsoka tana aiki, kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da take ƙonawa zafi yake komawa, dole kuma a fitar da wannan zafin, sai fata ta zubo da ruwa iska ta busar. A rana irin ta Afrilu a Garwa, inda zafi kan wuce digiri 40, mai gudu zai iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu cikin awa guda. Abokinka ya hau sikeli ya ga kilo ɗaya ya tafi, ya yi murna. Ya sha ruwa, kafin dare kilon ya dawo. Shi kuwa kitse, idan jiki ya ƙone shi, mafi yawansa ta numfashi yake fita.

Ga abin da mutane ba su cika lura da shi ba. A cikin zafi zuciya aiki biyu take yi: ta kai jini ga tsokokin ƙafa, ta kuma kai wani ga fata don a huce. Shi ya sa bugunta ke ƙaruwa, mutum ya gaji da wuri, ya ji kamar ya yi aikin duniya alhali tafiyar ba ta kai ta kawo ba. Kai da ke cikin sanyi za ka iya daɗewa, ka ƙara sauri, ka ƙona abin da ya fi nasa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki ta ce baligi ya samu a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Ba ta ce sai an jiƙa riga ba.

Amma abokin naka ma yana da tasa ribar. Wanda ke motsa jiki cikin zafi, cikin mako ɗaya zuwa biyu jikinsa kan saba: gumi ya riƙa zuwa da wuri, gishirin da yake asara ya ragu. Ga mai wuni a rumfar kasuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ka ce masa daga Maris zuwa Mayu ya mayar da gudun bayan sallar asuba, domin da la'asar ƙasa da kwalta ba su gama amayar da zafin wuni ba. Batun tumbi kuma, ku biyun ku dubi sukarin da ke cikin shayin da kuke sha a majalisa. Sau da yawa a nan maganar take.

Wani saurayi daga Kusseri: Dakta, ina sa rigar leda a ƙarƙashin rigar wasa in yi gudu da rana don in rage ƙiba da sauri. Wani lokaci kaina yana sarawa, ina ganin jiri. Ko alamar yana aiki ne?

Ɗana, cire ledar nan yau, ba gobe ba. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe, ita kuma leda hana shi bushewa take yi. Ciwon kai da jirin gargaɗi ne. A ƙarshen 1997 wasu ɗalibai uku 'yan kokawa a jami'o'in Amurka sun mutu cikin 'yan makonni suna ƙoƙarin rage nauyi ta hanyar matse ruwan jikinsu, dukansu matasa masu ƙarfi, kuma ba a cikin zafin ranar Kusseri suke ba.

Duk mai gudu a waje ya san wannan: idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ce ke fara nunawa. Mutum ya rikice, ya yi ta sambatu ko faɗa ba dalili, ya yi tangaɗi, ya faɗi. Kada a tsaya cewa iska ce ta buge shi. A ja shi inuwa, a cire masa kaya, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki. Masu ɗauke da jinin sikila, ko da AS ne, su ƙara taka-tsantsan da gudun ƙure ƙarfi cikin zafi. Masu haɗiyar tiramol don su jure kuwa, muryar da ke ce musu su tsaya suke kashewa, ga kuma haɗarin farfaɗiya.

Wata malamar makaranta daga Marwa: Likita, ina da asma. Lokacin hunturu in na fita tafiya sai tari da shaƙewa. Na koma ɗakin motsa jiki na mata, can ma wani lokaci ƙirjina yana riƙewa. Ina zan sa kaina?

Malama, abu biyu ne suke damunki, kowanne da hanyarsa. Hazon da ke rufe mu daga Disamba zuwa Fabrairu, mai yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, wanda yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Ƙurar tana da laushi ƙwarai, tana wuce hanci ta sauka can cikin huhu. Mai sassarfa kuma yana jan iska ninkin ba ninkin ta mai zaune, galibi ta baki. Ranar da kika duba duwatsun Marwa kika ga hazo ya shafe su, ranar ta cikin ɗaki ce. Haka bakin babban titi a kowane lokaci, inda babura ke tuƙa hayaƙin man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya.

Shi kuma kilim yana tsotse laimar iska, iska mai sanyi da bushewa kuwa sananniyar mai tayar da asma ce. Ki guji tsayawa daidai inda yake hurowa, ki fara a hankali na minti goma, kuma ki tambayi likitanki ko ya dace ki shaƙi salbutamol kamar minti 15 kafin ki fara. Kada ki bar shi a gida. Ki roƙi masu wurin kada su sauke sanyin ƙasa sosai. A ganina digiri 22 zuwa 24 ya wadatar.

Akwai abin da ya fi damuna da waɗannan ɗakunan. Irin kilim da ake maƙalawa a bango ba ya shigo da sabuwar iska daga waje, ta cikin ɗakin yake juyawa yana sanyayawa. Mutum ashirin suna haki a ɗaki rufe, numfashin juna suke sha, kuma ta haka mura, korona da tarin tibi ke yaɗuwa. Kafin ki biya kuɗin wata, ki leƙa: ana buɗe tagogi tsakanin rukuni da rukuni? Ana wanke ragar tace ƙura? A hunturu cikin 'yan kwanaki take toshewa. In kin ji warin rima, ki fita. Ki kuma duba inda janareto yake zama idan an ɗauke wuta. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar launi marar wari, kuma janareto a bakin ƙofa ko ƙarƙashin taga ya isa ya kwantar da ɗaki guda.

Wani dattijo mai ritaya daga Njamena: Ina da hawan jini da ciwon sukari. 'Ya'yana sun saya mini keken motsa jiki na ɗaki, amma matata ta ce in na yi gumi cikin kilim sanyi zai shige ni, har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki.

Baba, a gaishe da Hajiya, a kuma kwantar mata da hankali. Shanyewar ɓarin jiki daga toshewa ko fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa take zuwa, kuma babban mai jawo ta shi ne hawan jinin da ba a kula da shi ba. Keken nan yana cikin abubuwan da za su kare ku daga gare ta. Abin da zama da jiƙaƙƙiyar riga a gaban kilim kan jawo bai wuce ɗaurewar tsoka da rawar ɗari ba. Ku goge jiki ku canza riga.

Ga mai irin lalurarku, a bazarar Njamena ɗakin ya fi waje aminci nesa ba kusa ba. Wasu magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari suna rage ruwan jiki, zafi ya zo ya ƙara, jini ya faɗi, mutum ya miƙe ya ga duhu. Idan kuna allurar insulin ko shan ƙwayar ciwon sukari ta gilibenkilamid, kada ku hau keken da yunwa, ku ajiye dabino ko sukari kusa. Ku duba tafin ƙafa bayan kun gama, domin ciwon sukari kan dakushe jin ciwo. In kuna azumi da yardar likitanku, ku bari sai awa ɗaya ko biyu bayan buɗa-baki. Ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama kuwa, ku sauka nan take, sai asibiti.

Wata uwargida daga Ngaundere: Ba ni da kuɗin ɗakin motsa jiki. Tafiya da ƙafa ta isa?

Ta isa, Hajiya. Ngaundere tana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000, mafi yawan shekara kuna da sanyin da mutanen Garwa ke biyan kuɗin wuta su samu. Minti 30 a rana, kwana biyar a mako, da saurin da za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Hawa da gangaren garin suna ƙarfafa cinya da gwiwa, ranar hantsi kuma tana taimaka wa fata yin bitamin D, wanda mai yawan zaman ɗaka kan rasa. Ki samu maƙwabciya ku riƙa fita tare, an fi ɗorewa. Da damina ki dawo kafin magariba saboda sauro, ki kuma sa takalmi mai riƙe ƙafa, ba silifa ba.