Me Ya Sa Regex Ke Rikicewa da Baka Biyu?

Tambaya: Malam, regex ɗina (tsarin alamomi da kwamfuta ke bi don binciken rubutu) na tantance baka biyu yana rikicewa idan suka shiga cikin juna. Ina matsalar? Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Regex na asali inji ne mai ƙayyadaddun matsayi, kuma abin da yake tunawa kawai shi ne matsayin da yake kai. Idan matsayinsa 10 ne, ka buɗe baka 11 a jere, dole ya sake taka inda ya taɓa takawa, ƙidaya ta ɓace masa ke nan. Tun 1956 masanin harshe Noam Chomsky ya nuna wannan gazawar.

Mafita ita ce ka koma ga tari (stack), kamar jera faranti: duk buɗewa ka ɗora ɗaya, duk rufewa ka ɗauke na sama. In ka zo ɗauka babu komai, ko ka gama da saura, bakan ba su daidaita ba.