Lambobin Yaƙin Bama: A Duba Gefensu Kafin a Sallama

Tambaya: Kakanmu ya je yaƙin Bama. Mun tarar da lambobinsa huɗu a adakar marigayiya kakarmu, wani dillali ya taya su a dunƙule. In sallama? (Mai karatu daga Jahun, Bauchi)

Amsa: Malam, kada ka yi gaggawa, don lambobin soja ba ɗaya suke ba. Akwai na halartar yaƙi, akwai na jarumta. 'Yan Najeriya da suka je Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, daga 1943 zuwa 1945, galibinsu sun cancanci Burma Star, tauraruwa mai tsini shida ruwan tagulla, da 1939-45 Star, da War Medal. Waɗannan an buga su da yawa ƙwarai, kuma Ingila ta raba su babu suna, shi ya sa kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Ta jarumta daban take. Military Medal, wadda aka ƙirƙiro a 1916 don ƙananan sojoji, azurfa ce zagayayya, faɗinta milimita 36, a bayanta an rubuta FOR BRAVERY IN THE FIELD. Ƙyallenta shuɗi ne mai duhu, da ratsin fari uku da ja biyu a tsakiya. Kusan 15,000 aka bayar a Yaƙin Duniya na Biyu. Sama da ita akwai wata lambar jarumta, DCM (Distinguished Conduct Medal), wadda ta fi ta wuyar samu.

Riƙe lambar jarumtar a tsaye wajen haske, ka juya ta a hankali. A jikin siririn gefenta za ka ga lambar soja, muƙami, suna da runduna. Darajar tana nan, domin da su ake gano mutumin a London Gazette, jaridar gwamnatin Ingila, da takardar da ta bayyana abin da ya yi a fagen daga, wadda ke ma'ajiyar tarihi ta Kew, a Landan, ƙarƙashin rukunin takardu mai lamba WO 373. Mai suna da takarda tana kai ɗaruruwan fam, wani lokaci sama da dubu, a gidajen gwanjo na Landan irin su Noonans da Spink.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne gugar lamba da toka ko lemun tsami. Haruffan na shafewa, kuɗin ya zube. Tsumma mai laushi ya isa. Kada a canza tsohon ƙyalle, kada a raba lambobin tsakanin magada, kada a kai wa maƙeri ya auna a matsayin azurfa. A haɗa su da takardar sallama da hotonsa. A ganinmu, in babu ta jarumta a ciki, barin su a gida ya fi kuɗin dillalin nan.

Tambaya: An kawo mini Military Medal a Gombe, ina so in saya. Yaya zan gane ta jabu?

Amsa: Ta jabu da aka yi da zubi tana da ƙananan ramuka kamar yashi, da layin haɗi a gefe, fuskar sarkin Ingila da ke gabanta kuma ta dushe. Duba ko gefen ya fi siranta a wajen sunan, alamar an kankare na asali an sa wani. Nemi sunan a London Gazette kafin ka biya ko sisi, kuma ka tambayi mai ita yadda ta zo hannunsa.