Tambayoyinku: Manhaja da bayanan gwajin ruwa a matata

Malam, ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne a wata matatar ruwan sha. Shekara da shekaru a littafi muke rubuta sakamako, ƙarshen wata mu kwafe a Excel mu tura wa manya. Yanzu wani kamfani ya zo yana tallata mana manhaja. Anya Excel ɗin bai wadatar ba?

Malam, kafin mu taɓo Excel, dubi wannan "ƙarshen wata" da ka ce, don nan gizo ke saƙa. Ruwan da ka gwada yau da safe, kafin rana ta faɗi an sha shi, an dafa abinci da shi, an ba jarirai. Sakamakon da zai kwana talatin a littafi kafin wani ya gan shi ya zama tarihi. Babban abin da manhaja ke yi maka shi ne ta kai lambar gaban wanda zai iya ɗaukar mataki tun ruwan bai bar tanki ba.

Excel kuwa ba abin rainawa ba ne. Ƙaramar matata mai gwaji sau uku ko huɗu a yini za ta iya tafiya da shi, muddin an tsara shi da kyau: kowane gwaji layinsa, rana a gurbinta, lokaci a nasa, wurin da aka ɗebi ruwan, abin da aka auna, lambar, ma'aunin, da sunan wanda ya auna. A kulle gurabun yadda ba za su karɓi pH (ma'aunin tsamin ruwa) 72 a maimakon 7.2 ba. A sa su canza launi idan an ƙetare iyaka. Iyakokin ma sanannu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kulorin da ya rage a ruwa kada ya gaza miligiram 0.5 a kowace lita bayan aƙalla minti 30 da zuba shi, pH kuma yana ƙasa da 8, sannan ya isa famfon mai sha da aƙalla 0.2. Dagulewar ruwa ana so ta kasance ƙasa da NTU 1 (NTU shi ne ma'aunin dagulewa) kafin a zuba kulorin, kuma kada a samu ƙwayar E. coli, wadda ke nuna kashi ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100. Hukumar da ke sa ido a ƙasarku tana da nata ma'aunin, shi za ku fara bi.

Amma Excel yana da rauni guda da ba ya gyaruwa: kowa zai iya goge lamba ya sa wata, ba tare da an bar sawu mai ƙarfi ba. Na taɓa zama da littafin aikin dare na wata matata. Daga goma na dare har shida na safe an rubuta kulorin 0.5, 0.5, 0.5, da biro ɗaya, rubutun a miƙe ɗoɗar, babu ko ɗigon ruwa a shafin. Wanda ya taɓa riƙe kwalbar gwaji ya zuba maganin DPD na gwada kulorin ya jira ruwan ya koma ruwan hoda ya san hannu ba ya fita a bushe, lamba kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya awa takwas. A zama ɗaya aka cike shafin nan. Da aka kwafe shi cikin kwamfuta, ko wannan 'yar shaidar ta biro ta ɓace.

Kada ka ɗauka ƙaramin abu ne. A garin Walkerton na ƙasar Kanada, cikin watan Mayun 2000, mutum 7 suka rasu, sama da 2,300 suka kwanta ciwo bayan ƙwayar E. coli O157:H7 ta shiga ruwan garin. Binciken da Mai Shari'a Dennis O'Connor ya jagoranta ya gano cewa an daɗe ana rubuta adadin kulorin a takarda ba tare da an auna ba, kuma da akwai na'urar da ke auna kulorin da dagulewa dare da rana a rijiyar da abin ya faro, da an tare annobar. To wannan shi ne abin da za ka nema a manhajar kirki: ita za ta buga lokacin da aka shigar da sakamako, kowane ma'aikaci da sunansa da kalmar sirrinsa, kuma idan an gyara lamba tsohuwar tana nan, da sunan wanda ya gyara da dalilinsa. In manhajar da ake tallata muku ba ta yin wannan, Excel ne aka sake wa riga.

Akwai kuma maganar yawa. Shafin Excel ba ya wuce layi 1,048,576. Shekara ɗaya minti 525,600 ce, ka ga na'ura ɗaya mai turo lamba kowane minti za ta cika shafin kafin shekara biyu. In goma ne, kowacce da layinta, mako goma da 'yan kwanaki an gama. A watan Oktoban 2020 a Ingila, sakamakon kusan mutum 16,000 masu cutar korona ya zube daga lissafi saboda an yi amfani da tsohon tsarin fayil na Excel mai ɗaukar layi 65,536 kawai.

Injiniya, ina jin ana cewa SCADA, ana cewa LIMS. Ba abu ɗaya ba ne?

A'a, Malama. SCADA ita ce idon matata da hannunta: tana karanta na'urorin da ke manne a bututu da tankuna, tana nuna su a allo, tana kunna famfo ko rage alif da kulorin, tana kaɗa ƙararrawa. LIMS kuwa ta ɗakin gwaji ce. Tana bin kwalbar ruwa tun daga inda aka ɗebo ta: wa ya ɗebo, ƙarfe nawa, wa ya karɓa, da wace na'ura aka gwada, wa ya duba ya sa hannu. Ɗakin gwajin da ke neman shaidar ISO/IEC 17025, wato shaidar ƙwarewar ɗakunan gwaji ta duniya, irin wannan bin diddigin ake tambayarsa.

Kowacce da abin da ba ta gani. SCADA ba ta ganin ƙwayoyin cuta, don gwajin E. coli sai an jira awa 18 zuwa 24. LIMS kuma ba ta san abin da ya faru ƙarfe uku na dare ba, tsakanin kwalba da kwalba. Shi ya sa ake zuba bayanansu a rumbu ɗaya, a ɗora su kan zanen lokaci guda. A birnin Milwaukee na Amurka a 1993, dagulewar ruwan da aka tace ta tashi fiye da yadda aka saba kwanaki kafin a gane cewa ƙwayar Cryptosporidium ce, wadda kulorin ba ya kashewa da sauƙi. An ƙiyasta mutum wajen 403,000 ne suka kamu. Ruwa ba ya tsami banza, amma sai lambobin suna jere a gaban ido ake ganin tsamin da wuri.

Malam, na'urarmu ta bututu tana nuna kulorin 0.8, ni kuma na gwada da hannu na samu 0.4. Wa zan gaskata, kuma wanne zan shigar?

Shigar da duka biyun, kowanne da alamarsa. Kada ka goge ko ɗaya don shafin ya yi kyau, domin wannan saɓanin shi kansa bayani ne. Sannan ka sake ɗiban ruwa daga daidai wurin da na'urar ke ɗiba, da kwalba mai tsafta da maganin da bai lalace ba. In ka sake samun 0.4, ka yi aiki da ƙaramar lambar har a daidaita na'urar. Kuskuren da ke sa ka ƙara kula ya fi wanda ke kwantar maka da hankali sauƙin illa.

Na'urorin nan suna gajiya. Datti na taruwa a bakinsu, siririn bututun da ke kai musu ruwa na toshewa, maganinsu na ƙarewa. Ka sa manhajarku ta riƙa ajiye ranar da aka daidaita kowacce, ta kuma tunatar idan lokaci ya yi.

Abu biyu nake so kowane mai aikin allo ya sani. Na farko, layin da ya miƙe sambal tsawon sa'o'i ba alamar lafiya ba ce, galibi na'urar ce ta sandare ko sadarwa ta yanke manhajar na ta maimaita lambar ƙarshe. A sa ƙararrawa ga lambar da ta ƙi motsi, kamar yadda ake sa wa wadda ta ƙetare iyaka. Na biyu, yawancin na'urorin nan suna aika saƙonsu ne da wutar miliamfiya 4 zuwa 20. Huɗu ita ce sifili, ashirin ita ce ƙololuwa. An yi haka da gangan, don in aka ga wutar ta faɗi ƙasa ƙwarai a san waya ce ta tsinke. Manhajar da aka saita da garaje sai ta rubuta wannan a matsayin "kulorin sifili", ta ɓata lissafin wata guda. A ɗakin gwaji ma akwai irinsa: sakamakon da aka rubuta <0.01, wato ƙasa da 0.01, ba sifili ba ne, yana nufin na'urar ba ta iya gani ƙasa da nan. Ka tabbata manhajar tana ajiye wannan 'yar alamar.

Muna fita ɗiban ruwa a famfunan da ke nesa, inda sabis ba ya kamawa. Waya za ta iya wannan aikin?

Za ta iya sarai. Manhajojin cike fom a waya irin su KoboToolbox, ODK da mWater duk suna aiki ba intanet: ka cike fom, wayar ta ɗauki lokaci da wurin da kake da hoton famfon, in ka dawo inda sabis yake ta tura. Ka ba kowane famfo lamba tasa ta dindindin a zaɓa daga jeri, kada kowa ya rubuta suna yadda ya ga dama. Ranar kuma a bar wa manhajar, don 03/04 wani zai karanta 3 ga Afrilu, wani 4 ga Maris.

Yallaɓai, ni ne shugaban sashe. Ina so in riƙa ganin allon matata a wayata daga gida, in ma ta kama in rage ko in ƙara magani. Wani yaro ya ce zai sa mini TeamViewer, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa.

Ranka ya daɗe, gani daban, taɓawa daban. Ganin lambobi daga gida abu ne mai kyau, ina goyon bayansa. A kwafo bayanan zuwa wata kwamfuta dabam, ka riƙa kallonsu a nan ta manhajar nuna bayanai a zane irin Grafana, yadda ko wayarka ta faɗa hannun wani ba zai iya juya ko famfo ɗaya ba. Amma buɗe ƙofa kai tsaye zuwa kwamfutar da ke sarrafa magani, da kalmar sirri ɗaya da kowa ya sani, wannan ban yarda da shi ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga. A watan Nuwamban 2023 masu kutse sun shiga na'urar sarrafa famfo ƙirar kamfanin Unitronics ta hukumar ruwan garin Aliquippa a jihar Pennsylvania ta Amurka. Irin waɗannan na'urori suna fitowa daga kamfani da kalmar sirri 1111, kuma da yawa an jona su da intanet ba a canza ta ba. Ma'aikatan sun koma sarrafa wurin da hannu, ruwan bai gurɓata ba. A shekarar 2000 kuma, a yankin Maroochy na Ostiraliya, wani tsohon ma'aikacin kamfanin da ya girka tsarin ya yi amfani da sanin da yake da shi ya saki ruwan ƙazanta lita dubu ɗaruruwa cikin koramu da wuraren shaƙatawa. Saboda haka duk wanda ya bar aiki, a rufe asusunsa ranar da ya tafi.

In lallai sai an sarrafa daga nesa, a bi ta VPN, wato killatacciyar hanyar sadarwa, da tantancewa mataki biyu, kowa da asusunsa, kuma a sa wa famfon magani iyaka a jikin na'urar kanta wadda umarni daga allo ba zai iya ƙetarewa ba. Kwamfutar ɗakin sarrafawa kuma ba ta kallon bidiyo ba ce, ba a cajin waya a jikinta, ba a soka mata filashin kowa. In har yanzu Windows 7 take kai, ka sani tun Janairun 2020 Microsoft ya daina aiko mata da gyaran tsaro.

Me zan tambayi mai sayar da manhajar kafin mu sa hannu?

Ka ce ya fitar maka da bayanan gwaji a fayil ɗin CSV, wanda Excel ma ke buɗewa, a gabanka, ka buɗe da kanka. In ba za ka iya kwashe bayananka ba ranar da kuka rabu, to ba naka ba ne. Ka tambaye shi ko tana magana da na'urorinku ta Modbus ko OPC UA, wato harsunan da na'urori ke musayar bayanai da su, da abin da ke faruwa da lambobin in wuta ta ɗauke ko intanet ta yanke: ana ajiye su a tura daga baya, ko sun tafi ke nan? Ka ce ya gyara wata lamba, sannan ya nuna maka inda tsohuwar take.

Kwafin ajiya kuma uku ake yi, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya a wajen matatar, kuma lokaci-lokaci a gwada dawo da shi a gani ko yana buɗewa. Ranar gwajin manhajar, ka zo da ma'aikacin da ke kwana a wurin, ka ba shi kwalba da wayar, ka ce ya shigar da sakamako ɗaya ba tare da kowa ya nuna masa ba. In ya ɗauke shi fiye da minti biyu, ka ce wa kamfanin su rage gurabun fom ɗin su dawo.