Tambaya da Amsa: Yaya ake haƙo ɗanyen mai, kuma ina labarin Kolmani ya kwana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai haƙa rijiyar burtsatse ne a yankin Kumo. A wajenmu wani lokaci sai mun wuce mita 200 kafin mu taɓa ruwa, amma ranar da muka same shi, ba a kwana biyu sai an sa famfo jama'a sun sha. To tun 2019 aka ce an samu mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, har Shugaban Ƙasa ya zo. Shin haƙar mai ta bambanta da tamu ne, ko kuwa dai zance ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tunda sana'arka ce, aikina ya yi sauƙi, don injinka da na masu haƙar mai 'yan gida ɗaya ne. Duka biyun ƙarfe ne mai haƙora yake juyawa yana cin dutse, ana ɗaura masa bututu kan bututu yana nitsewa. Inda suka rabu shi ne zurfi da kuma irin abin da ke jiran mutum a ƙasa.

Bari in fara da abin da mutane da yawa suke kuskurewa. Babu wani tafkin mai a ƙarƙashin ƙasa da za a zura guga a ɗebo. Man yana cikin 'yan ƙananan ƙofofin dutse ne, kamar yadda ruwa yake zama a cikin jiƙaƙƙen yashin rafi da rani. Asalinsa kuwa ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka kwanta cikin laka, ƙasa ta yi ta hawa kansu shekaru miliyoyi, zafi da nauyi suka dafa su. Za ka ce ina teku a Gombe? Ai an yi shi. Dutsen da kamfanin siminti na Ashaka yake fasawa a Funakaye a ƙarƙashin teku ya taru, kimanin shekara miliyan 90 da suka wuce, har yau ana tsintar ƙwaryar halittun teku da suka zama dutse a cikinsa. Masana ma da sunayen wurarenmu suke kiran shimfiɗun duwatsun yankin: akwai na Bima, akwai na Pindiga, akwai na Gombe. Man da ya dahu yakan yi ta hawa sama don ya fi ruwa rashin nauyi, har sai ya ci karo da dutse marar ƙofa da ya lanƙwasa kamar kifaffiyar ƙwarya, sai ya taru a nan. Wannan ƙwaryar ake nema.

Kai kafin ka haƙa kakan kira mai awon ruwa da 'yar na'urarsa. Su kuma girgiza suke aikawa cikin ƙasa, da manyan motoci masu buga ƙasa ko da ɗan abin fashewa, su jera dubban na'urorin sauraro su kama amsa-kuwwar da ta dawo. Kwamfuta ce take mayar da wannan ya zama hoton shimfiɗun dutse. Hoton yana nuna siffar ƙwaryar, amma ko akwai mai a ciki ko ruwan gishiri ne kawai, sai an haƙa. Shi ya sa rijiyoyin gwaji da yawa a duniya suke fitowa wayam. A nan yankin ma an yi haka: wajen ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin Shell da Chevron da Elf kowanne ya haƙa rijiya ɗaya. Biyu ba su ba da komai ba, ta Shell a Kolmani ta nuna iskar gas kaɗan, sai duk suka tattara kayansu.

Rijiya ta biyu ta Kolmani, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙarta a Fabrairun 2019 lokacin da marigayi Maikanti Baru yake shugabantar kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ta kai zurfin ƙafa 13,701, wato sama da kilomita 4. Rijiyarka mai mita 200 sai an jera irinta ashirin.

A wannan zurfin, laka ita ce ran aikin. Ka san lakar da kuke kaɗawa a rami ku tura cikin bututu. Tasu ma haka take yi, tana sanyaya haƙoran, tana fito da ɓarɓashin dutse sama, tana riƙe bangon rami kada ya rufta. Amma tana da wani aiki da taku ba ta da shi. Mai da gas da ke can ƙasa a matse suke ƙwarai, suna neman hanyar tsira. Nauyin lakar da ta cika ramin ne kaɗai yake danne su, don haka ake zuba mata garin wani farin dutse mai nauyi da ake kira barait, irin wanda ake haƙa a Azara ta Jihar Nasarawa. In lakar ta yi sauƙi, gas ya kutso ya yi sama da ita, in ta yi nauyi fiye da kima, ta fasa dutse ta zurare. Akwai mutanen da ba su da aiki dare da rana sai auna ta. A bakin rijiyar kuma ana kafa wani ƙaton makulli na ƙarfe da zai iya datse bututun ya toshe ramin in abu ya ɓaci. Rashin kamawarsa na cikin abin da ya jawo gobarar rijiyar mai a tekun Meksiko a 2010, inda ma'aikata 11 suka rasu.

Ba a haƙa ramin a tashi ɗaya. A yi wani zurfi, a zura bututun ƙarfe, a tura siminti ya cike bayansa, sannan a ci gaba da ƙaramin baki. Wannan ya shafe ka kai tsaye, Malam, don simintin farko shi ne yake raba ruwan shan da kake nema da abin da ke tasowa daga ƙasa. Ni a ganina, in akwai abin da mutanen Alkaleri da Akko ya kamata su riƙa tambaya a kai, to ingancin wannan simintin ne da kuma inda ake zubar da tsohuwar laka, tun kafin a kai ga rigimar ko rijiyar ta Bauchi ce ko ta Gombe.

In an kai inda ake zato, sai a zura na'urori su auna dutsen, a huda bututun daidai wurin, a bar rijiyar ta kwararo na wasu kwanaki a ga nawa take bayarwa da yadda ƙarfinta yake raguwa. A Oktoban 2019 NNPC ta sanar da samun mai da gas a Kolmani. A Nuwamban 2022 kuma, wajen bikin ƙaddamar da aikin, aka ambaci ganga sama da biliyan 1 da gas ƙafa-kubik biliyan 500 (ma'aunin yawan gas ke nan). Ganga ɗaya lita 159 ce. Sai dai abin da ke cikin dutse ba duka yake fitowa ba. A yawancin filayen mai kusan kashi ɗaya cikin uku ake iya cirowa, shi ma sai an riƙa tura ruwa ko gas ta wasu rijiyoyin suna koro shi bayan ƙarfinsa na farko ya ragu.

Ga kuma inda taku ta fi tasu sauƙi. Ruwanka da ya fito an gama, masu shan sa suna tsaye da bokiti. Ɗanyen mai kuwa yana fitowa ne haɗe da gas da ruwan gishiri da yashi, sai an gina wurin raba su. Kafin a kashe wannan kuɗin sai an ƙara haƙa wasu rijiyoyin a kewaye a san iyakar filin. Daga nan sai babbar tambaya: ina za a kai shi? A Oloibiri, da ke Jihar Bayelsa ta yanzu, an samu mai a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, don teku na kusa. Kolmani kuwa tana da nisa da teku, kuma matatar Kaduna ma ba a bayan gida take ba. Nijar ta fuskanci irin wannan da man Agadem: ta gina matata kusa da Damagaram a 2011 mai tace ganga 20,000 a rana, sai a 2024 ta fara fitar da mai ta bututun kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin. Shi ya sa tsarin da aka sanar na Kolmani ya haɗa da matata da tashar lantarki da masana'antar taki a wurin, don a ci moriyar man da gas ɗin a inda suka fito.